Mai Kiran Allah Inna

A tashar Talata Mafara, inda nike kasa gyaɗa, wata Kirista na zaune bisa buhun shinkafa tana jiran motar Gusau. Zanenta mai tsada ne, ga gicciye a wuya, amma leɓenta a fashe yake. Mijinta, wani ƙato mai farar kwalar fasto, ya rufe ido yana addu'ar tafiya da ƙarfi: "Ya Uba, ya Uba!" Duk sanda ya ce Uba, sai ta noƙe kafaɗa kamar an ɗaga mata hannu.

Yana juyawa wajen direba, ta sunkuya tana raɗa tata: "Ya Allah, Innata, ki ɓoye ni."

Na ce, "A'uzubillahi! Ɗiyata, Allah ba namiji ba ne, ba kuma mace ba."

Ta ce, "Na sani, Kaka. Amma uban da ya haife ni sai duka, uban 'ya'yana ma sai duka. In na ce Uba, roƙon ba ya fita, sai in ji ina kare fuska."

Ni da na binne maza biyu ban yi kewar ko ɗaya ba, wace nasiha zan yi mata? Faston ya daka mata tsawa. Ita ta ɗauki buhun.