Tsohon da Ya Wanke Kwalbata

Shekaru sun ja, na yi aure, na koyar da ɗalibai ba adadi, amma abin da ya faru a shekarata ta farko ta digiri na biyu ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah.

Ni 'yar wani ƙauyen Hausawa ce kusa da Kamlin, kuma ilimin sinadarai na karanta a wata jami'a a Gezira. Malamin da ke duba aikina, wanda muke kira Dakta, ya dawo daga waje da wata 'yar kwalba da ba ta kai babban yatsa ba. Gishirin zinariya ne a ciki. Aikina shi ne in narka ɗan kaɗan a tataccen ruwa, in tafasa, in zuba wani sinadari na tsamin lemo. Idan hannu ya yi kyau, ruwan zai tashi daga rawaya ya koma ja kamar zoɓo, alamar zinariyar ta rarrabu ta zama ƙwayoyin da ido ba ya gani. Zinariyar awarwaro ba ruwanta da kowa, amma idan ta ƙanƙance haka sai ta zama mai ingiza sauran sinadarai su yi aiki da sauri. Ɗigo ɗaya cikin gurɓataccen ruwan rini, sai launin ya washe kana tsaye. Sharaɗin dai tsabta ce, domin gishiri ko datti kaɗan ya isa ya lalata komai.

Mai wanke mana kwalabe wani tsoho ne daga wani ƙauye a gefen Wad Haddad. Ranar da na fara zuwa ya dube ni ya ce da Hausa, "Ɗiyata, ke ta wane gari ce?" Na amsa masa da Larabci, na wuce. A lokacin ba na son abokan karatuna su san ni Bahaushiya ce, na gaji da sunayen da ake kiranmu da su. Bai sake yi mini Hausa ba, amma kullum kwalabena su ne na farko a kan tebur.

Wata Alhamis ina ɗokin in kama motar gida, sai na tarar tataccen ruwa ya ƙare. Na ce a raina ai ruwa ruwa ne. Na tari na famfo, kuma don in huta da awo na mako mai zuwa na juye fiye da rabin kwalbar Dakta a ciki. Sauri ya haifi nawa. Ruwan bai yi ja ba, ya yi shuɗi, ya yi baƙi-baƙi, sannan wani ƙullu ya kwanta a ƙasa. Na tuttule shi a magudana, na cusa kwalbar da na yi haɗin cikin kayan wanki, na gudu.

Ranar Lahadi Dakta ya ɗaga 'yar kwalbarsa ya ga ta yi sauƙi. Shekarun nan ne zazzaɓin zinariya ya kama ƙasar, samari suna barin gonaki suna tafiya haƙa a arewa, kowa bakinsa dahab, wato zinariya da Larabci. Mutum biyu ke da mabuɗin ɗakin gwajin bayan Dakta, ni da tsohon. Ba wanda ya ko kalle ni. A gaban ɗalibai aka kwance ƙullin kayan tsohon, aka sami kisra biyu, wato wainar dawa, da carbi, da ɓarin goro. Dakta ya ce da shi, "Ya hajj, faɗi gaskiya mu rufa maka asiri." Tsohon ya ce shi bai ɗauki komai ba. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya ɗaure kayansa. Kafin azahar an sallame shi.

Mako uku na yi da bakina a rufe. Abin takaici, a cikin makonnin nan ne aikina ya yi kyau. Da ragowar gishirin na sami jan da ake nema, na ɗiga shi a ruwan rini ya washe tas, Dakta ya kira mutane su zo su gani. Ana yaba mini, ni kuwa ina ta ramewa. Da na je gida mahaifina ya lura, ya tsare ni a zaure har na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Mutum shina kwana da sunan ɓarawo, ke kina kwana da mi? Gobe ki fara da malaminki, ki ƙare da tsohon."

Washegari na faɗa wa Dakta komai. Ya cire ni daga aikin na zango ɗaya, ya ce zai rubuta a mayar da tsohon. Daga nan na hau mota zuwa Wad Haddad, na ƙarasa a amalanken jaki.

Na same shi a hawasha, wato gonar da ake ba manomi a filin ban-ruwa, yana yankan dawa a gonar wani. Na durƙusa na fara bayani da Larabci, ya ɗaga hannu. "Na sani," in ji shi. "Ni na wanke kwalbar. Shunin zinariya ba shi fita da sabulu, shekara ashirin ina wannan aiki."

Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Ke ɗai ce tamu a makarantar. In sunka kore ki, sai yaushe wata za ta shiga? Na ce yarinya ce, tsoro ne, gobe za ta faɗi. Gobe ta yi, jibi ta yi."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Sai a nan na ji sauran labarin. Magana ta riga shi isowa gida. Shi ke riƙe da mabuɗin rumbun masallaci inda ake tara hatsin marayu, kuma dattawa sun karɓe mabuɗin, wai har ƙura ta lafa. Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe tun a ranar. "Amma yafiyata ba ta buɗe rumbu," ya ce. "In kina iyawa, ki faɗa masu da bakinki bayan la'asar. Ki yi da Hausa, tsofaffinmu ba duka ke jin Larabcin makaranta ba."

Na tsaya a ƙofar masallacin, mace ɗaya gaban maza fiye da talatin, na faɗi abin da na yi da gurguwar Hausata, ina tuntuɓe ina kuka. Ba wanda ya yi dariya. Liman ya shiga ciki ya fito da mabuɗin, ya miƙa wa tsohon da hannu biyu. Wasu dattawan ba su iya haɗa ido da shi ba.

Takardar mayar da shi aiki ta iso bayan wata biyu, amma bai koma ba. Ya aiko cewa ba zai iya sake tsayawa a ɗakin da aka kwance masa ƙulli ba. Da damina ta zagayo ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Zinariyar da na zubar, Dakta ya sayo wata a shekarar. Kuskure ne, kuma kowane mai koyo yana yin irinsa. Abin da ba a iya sayowa shi ne mako ukun da bawan Allah ya yi yana shiga masallacin garinsu da kai a sunkuye saboda ni. Tun daga nan na gane cewa idan ka yi ɓarna ka yi shiru, ba ɓoye ta ka yi ba, ɗora ta ka yi a kan wani, kuma sau da yawa a kan wanda ya fi kowa tausayinka.