Kwalin Fulofin Malam Attahiru

Yau da safe ina ɗaura takalmi aka kira ni: Malam Attahiru ya rasu a Kalgo. Na zauna a bakin gado, ko kuka na kasa. Gajiya kawai nake ji.

Tare muka yi aiki a Gwandu a shekarun casa'in, a wani ofishin tallafa wa manoma. Kwamfuta ɗaya ce babba, ita ke riƙe da sunayen manoman Dodoru, Dalijan da Ceberu. Fayil ɗin kullum kumbura yake, rumbunta kuwa ɗan mitsitsi. Da ya cika sai ta tsaya cak.

Oga ya ce a riƙa goge waɗanda suka mutu don a samu wuri.

Malam yana gogewa, amma sai ya fara kwafe su a fulofi, wato ɗan faifan ajiya na kwamfutar wancan zamani, ya rubuta sunan ƙauyen a jiki, ya yi musu addu'a. Mun sa masa suna limamin kwamfuta. Shi dai ya ce, "Sunan mutum ba shara ba na."

Wata damina, saura kwana uku rabon iri, kwamfutar ta sake cika, Malam kuma ba ya nan. Na ce ni ma ai na iya. Garin sauri ban kwafe komai ba, na haɗa matattu da rayayyun Ceberu na share gaba ɗaya. Kuma duk wanda babu sunansa ba zai samu iri ba.

Da ya dawo ya duba, ya ga ɓarnar da na yi. Sai ya ce, "Sani, tashi mu tahi."

Kwana biyu muna bin gidaje a kan babur ɗinsa, cikin taɓo, muna sake rubuta mutane. Kowa ya samu irinsa. Oga har ya yi ritaya bai ji labarin ba.

Bara na je gaishe shi, ido ya yi rauni. Ya turo mini wani kwali cike da fulofi, ɗaure da igiya. "Na gaji da tsaron mutanen ga. Ka biɗo injin da ka karanta su, ka kai ma jikokinsu sunayen."

Na ce in sha Allahu. Yau da gobe, ko igiyar ban kwance ba. Kwalin yana ƙarƙashin gadon nan da nake zaune a kai, kuma kunyarsa nake ji.

Allah ya jiƙanka Malam, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini. Don Allah ku sa shi a addu'a, shi da mutanen cikin kwalin.

Wanda kuma yake da tsohuwar kwamfuta mai karanta fulofi, ya yi mini magana yau.