Limamin da Bai Ga Ƙasarsa Ba

Yau kwana uku ina ɗaure kaya, bayana kamar zai ɓalle, kuma ba wanda ke faɗo mini a rai sai wani limamin Kirista da ya mutu shekaru ɗaruruwa kafin a haifi kakata. Abin dariya ne, wallahi, da ina da ƙarfin dariyar.

A Balad, tsohuwar unguwar Jidda, muka tashi, a saman wani tsohon gida da gishirin teku ya gama ci. Bayan magariba Kaka takan hura gawayi ta ɗora shayi, ni da ƙanena Bashir mu zauna muna korar sauro. Tatsuniyoyi kam tana da su, amma ranar da ƙafafunta suka kumbura, wannan labarin take jawowa. A Musawwa ta ji shi, can hayin teku, inda ta yi shekaru tana yi wa wata tsohuwa Kirista wanki, tana jiran jirgin da zai tsallako da ita hajji.

"Wannan ba ta Gizo ba ce," takan ce. "An yi shi, ku nutsu."

Wai Paparoma ne ya naɗa wani malaminsu babban limami, akbishop suke cewa, na wata ƙasa mai nisa. Aka ba shi hula mai tsini, da zobe, da sanda mai lanƙwasasshen kai. Kafin ya isa, sarkin ƙasar ya rufe ƙofa, ya ce ba ya son baƙin limamai. Sai limamin ya sauka a wani gari na bakin ruwa, ya ce shekara ɗaya zai yi. Ya koyi harshen mutanen da bai taɓa gani ba, yana rubuta musu wasiƙu, yana sa hannu da sunan ƙasarsu. Duk shekara in iska ta juya, jirage suka fara tashi, sai ya ɗaure akwatinsa ya sauka gaɓa. Izini bai zo ba, ya koma ya kwance kaya.

Mai yi masa girki ya ce bari a dasa lemo a tsakar gida. Ya ce a'a, wa zai sha, baɗi ba ya nan. Mutumin ya dasa abinsa. Liman ya tsufa yana shan lemon nan yana cewa na mutane ne. Da ya mutu aka binne shi a gindin bishiyar, aka rubuta sunan waccan ƙasar a kabarinsa.

"Shi ke nan?" in ji Bashir. "Bai je ba?"

"Bai je ba. Halas, ya ƙare. Yalla, ku tashi, isha'i ta yi."

Ni kuwa bakina ba ya shiru. "Ai wawa ne, Kaka. Ke ma ga akwatinki can ƙarƙashin gado, kullum baɗi za ki Kano."

Ta dube ni ta cikin hayaƙi. "Takwara, ke 'yar ina ce?"

"'Yar Jidda mana."

"To, Allah ya sa takarda ta yarda."

Haushi ya sa na ƙi shan shayin ranar.

Kaka ba ta koma ba. A asibiti ta rasu, masu wanka suka yi mata sutura da nasu farin yadi. Akwatin ya bi ni gidan aure a unguwar Bani Malik, ban taɓa buɗe shi ba. Nan Jidda aka haife ni, nan na haifi 'ya'yana huɗu, in raina ya ɓaci ma da Larabci nake faɗa. Amma fasfo ɗina sunan wata ƙasa ke kai, wadda ban taɓa taka ta ba. Kowace shekara maigidana ya je wajen kafili, ubangidan da ya tsaya mana, a sabunta mana iƙama, takardar izinin zama, mu yi ajiyar zuciya. Bana kafilin ya rufe garejinsa, ba wanda ya karɓe mu, aka buga mana fita ba dawowa. Ban yi kuka ba. Na gaji ne kawai.

Da can ina ce labarin kanta Kaka ke ba mu. Yanzu ban san wanda ya fi wauta ba, shi da ya ƙi dasa lemo, ko ni da na dasa nawa a tsakar gidan da ba a ba ni ba.

Jiya jakunkuna suka kasa, na jawo akwatin na fasa kwaɗon. Ba zinariya, ba atamfa. Likkafani ne a ninke, bakinsa ya yi jaja-jaja, irin wanda alhazai ke jiƙawa da zamzam su shanya, su tafi da shi gida don a sa su a ciki a ƙasar iyayensu. Ashe shi ne kayan tafiyarta duka.

Autata ta tambaye ni da Larabci ko a bar shi, tunda kaya sun yi nauyi. Na ciro zannuwana biyu na ajiye gefe, na sa shi a gurbinsu. Ranar Laraba zai tafi Kano, Kaka, kuma ni 'yar Jidda, ni zan kai shi.