Kitson Ɗiyar Fari

Ina karatu a Tawa a wancan lokacin, sai hutun damina nake komawa gida Galma. A shekarar da nake tunawa gero ya yi kyau, tuddai sun yi kore shar, ni kuwa ba abin da nake so irin in zauna bakin gona da littafi ina kallon hadari.

Yayata tana da ɗiyar fari mai shekara takwas. A wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zaunar da shi su yi doguwar magana. "Ke, kawo ruwa," iyakarta ke nan, ko da son yarinyar na cin ranta.

Wata safiya muna dawowa daga rijiya yaya ta rage murya. Ta ce kwana goma ke nan yarinyar ba ta yarda a aike ta wurin mai tebur na bakin kasuwa, sai ta yi ta kuka. Wata maƙwabciya kuma ta raɗa mata cewa mutumin yana ba yara mata bombom, wato alewa, yana kiransu cikin ɗaki.

"Ke kika yi lakwal, kin san boko," in ji ta. "Ke za ki yi mata magana. Ni bakina ba ya iyawa."

Na gwada. Na kai yarinyar gindin aduwa, na jero mata abin da aka koya mana a aji kan tsare jiki, rabi Hausa rabi Faransanci. Ta zuba wa takalmina ido, ta ce "to", ta tafi. Na ji kunyar ilimina. Kuma saura mako uku in koma Tawa. In wani abu ya same ta, wa za ta faɗa wa?

Ranar Alhamis da hantsi yaya ta kwantar da kan yarinyar a cinyarta za ta yi mata kitso. Fuskar na cikin zane, ba mai ganin idon wani. Sai na matso da tabarmata.

"Yaya, kada ki ce mata komi. Ni za ki ba amsa. Ina ne a jikin yarinya ba a taɓawa?"

Ta harare ni. Ta tsaga gashi, ta shafa mai.

"Duk inda zane ya ruhe," ta ce a hankali. "Nata ne. Ba mai gani, ba mai taɓawa."

"Ko babba ne?"

"Ko gemunshi ya kai cibiya."

Na ga kafaɗar yarinyar ta motsa, dariya take ɓoyewa. Muryar yaya ta fara sakewa.

"In ya ba ta abu, ya ce kada ta gaya ma kowa fa?"

"Wanga shi za ta fara hwaɗi, da gudu."

"In ta hwaɗi, ki buge ta?"

Hannun yaya ya tsaya cak. "Ba ni bugunta. Laihin ba nata ba ne."

Can wata ƙaramar murya ta fito daga cikin zanen.

"Inna, ya ce in shiga ciki in ɗauki bombom da kaina. Ya riƙe min hannu, na ƙwace na gudu. Ran nan ne sukari ya zube kika buge ni."

Yaya ta ɗago kan ɗiyarta, ta dube ta ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba. "Ya yi miki wani abu bayan haka?"

"A'a. Ban sake zuwa ba."

"Kin yi daidai. Ki yahe min dukan." Ta rungume ta, rabin kai a kitse, rabi a tsefe.

Yaya ta gaya wa mijinta, maza suka je wurin mai gari. Kafin kasuwa ta sake ci, mutumin ya kwashe teburinsa ya bar garin.

Ranar da zan tafi, ina jiran mota, na hango yarinyar ta zo da gudu ta ja zanen uwarta. Yaya ta sauke tulu, ta sunkuya, ta ba ta kunne. Ban ji abin da ta ce ba, wataƙila akuya ce ta tsinke. Na hau mota jikina sakayau.