Sunan Kakana a Shafin Manazarta

Shekara huɗu na yi ina buga wa ɗalibai kundin kammala karatu a wani ɗan shago a bakin titin garinmu. Kwamfuta biyu ce da janareto mai tari. Abin da ya fi kawo mini mutane shi ne shafin ƙarshe, na manazarta, inda ake jera littattafai da mutanen da aka samo bayani daga gare su. Malamai ba sa wasa da shi. Sunan mahaifi a gaba, waƙafi, shekara cikin baka biyu, sunan littafi a karkace. Aya ɗaya ta ɓace, a dawo da kundi.

Wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar damina, wata malamar firamare mai karatun hutu ta kawo nata. A kan rumbu ta yi shi, yadda mutanen zamanin da suke adana gero da dawa. Na bi littattafan ina gyara musu zama, har na iso jerin waɗanda ta yi hira da su. Kowanne da sunansa, shekarunsa, garinsu da ranar hira. Na uku a jerin kakana ne. Sunansa, sunan mahaifinsa, har da laƙabin da 'yan ƙauyenmu kaɗai suke kiransa da shi. Ranar hira kuwa watan jiya. Shekararsa goma sha ɗaya da rasuwa, kuma ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Da farko ban tsorata ba, haushi na ji. Na san halin wasu ɗalibai: su samo tsohon kundi su kwafe, su sauya shekara don malami ya ga sabo ne.

Na ce, "Malama, daga wane kundi kika ɗauko wannan?"

Ta ce, "Wane irin ɗaukowa? Da ƙafata na je, Malam. Ɗan acaɓa ya sauke ni a bakin gonaki, na taka."

"Tsohon nan ya daɗe a ƙasa."

Ta dube ni, ta ajiye jakarta a kan benci. Ta ce ta same shi bayan azahar a gindin ɗorawa, bayan wani gida mai rumbu uku, zaune a kan kifaffen turmi yana tufka igiyar rama. Babban yatsansa na hagu ba farce. Haka na kakana yake. Shi ya faɗa mata sunansa, har ya sa ta maimaita don kada ta rubuta ba daidai ba. Ta so ta ɗauki muryarsa a waya ya ce a'a, ta rubuta kawai.

Na koma babi na huɗu na karanta abin da ta ce ya faɗa. Yawanci zancen toka ne da ganyen darbejiya da ake shimfiɗawa ƙarƙashin dammuna. Amma a ƙarshe akwai layi biyu da ba su shafi tambayarta ba: wai rumbun tsakiya gara ta cinye gindinsa ta gabas, yaran gidan ba su duba ba, ba zai kai kaka ba.

Ranar Juma'a na hau mota zuwa ƙauyenmu, can wajen Minjibir. Baffana, ƙanin mahaifina, shi ke riƙe da gidan. Na karanta masa shafin a zaure. Ya ɗauki fartanya muka zagaya baya, wajen rumbun tsakiya. Sara ɗaya ya yi ta gabas, ƙasar ta rufta, gara ta yi ta zubowa fari fat. Har la'asar muna kwashe dawa zuwa ɗaki.

Da muka gama ya wanke hannu, ya tambaye ni, "Wace riga ta ce yana sanye da ita?"

Na ce ban tambaya ba.

Ya ce, "Kada ka tambaya."

Matarsa ta ce ai akwai wani tsoho mai sayar da igiya da yakan ratsa ta nan jefi-jefi, wataƙila shi ne ya ari sunan. Baffa ya ce wataƙila. Washegari ya sa aka dama fura aka kai masallaci sadaka.

Da malamar ta dawo na gaya mata abin da muka tarar. Ta daɗe tana salati a hankali. Sannan ta ce malaminta ya ce duk maganar da ba ta da madogara a cire ta, ita kuma ba za ta cire abin da kunnenta ya ji ba, ba kuma za ta sauya rana ta yi ƙarya ba. Na buga layin yadda ta kawo shi. Wajen shekarunsa ne kawai muka tsaya, domin adadin da ta rubuta shi ne wanda ya rasu yana da shi. Muka bar shi haka.

Kundin ya wuce ba gyara. Ta yi alkawarin kawo mini kwafi ɗaya na ajiye, na ce ta bar shi.