Mutumin da Ya So Ya Faɗi Gwaji

A kamfaninmu na ɗinkin yunifom, inda muke yi wa ma'aikatan asibiti da masu gadi da 'yan makaranta kaya, babu wanda bai san Mai Alli ba. Shi ne babban mai yanka. Ni kuwa kekena na kalmasa yana dab da teburinsa shekara da shekaru. Rediyo suke ce mini, wai bakina ba ya hutawa. To, su yi ta faɗa! In ban yi magana ba, wa zai ba ku labarin mutumin da sai ya wuni bai ce uffan ba?

Dogo ne siriri, ya soma ranƙwafawa, kullum da guntun alli a bayan kunne. Kafin ya sa almakashi a yadi sai ya ƙwanƙwasa shi a tebur sau biyu, ƙwas ƙwas, sannan ya yanka. Ban taɓa ganin yankansa ya karkace ba, kuma ya san da haka, shi ya sa yake tafiya kamar kamfanin na ubansa ne.

'Ya ɗaya Allah Ya ba shi. Tana 'yar mitsitsiya, ko takalmi ba ta iya sawa daidai ba, zuciya ta ɗebe shi ya rabu da uwarta. Uwar ta tafi da ita garinsu mai nisa, ta yi wani auren. Aka yi aka yi ya je ya ga yarinyar, ya ce shi ba zai tsaya a ƙofar wani ƙato yana roƙon a nuna masa 'yarsa ba. Girman kai dai, ba wani abu ba, kuma na sha gaya masa a gaban idonsa.

Amma duk shekara sai ya sayo yadi mai kyau, ya yanka riga, ya miƙo mini in ɗinka, ya kai tasha a tafi da ita. In na ce, "Yaya, ina awon?" sai ya ce, "Idona ne awo." Ko "mun gani" ba a taɓa aiko masa ba, shi kuma bai taɓa fasawa ba.

Ana nan sai kamfani ya sayo injin yanka mai aiki da kwamfuta. Manaja ya tara mu ya ce masu injin za su turo malama ta ba mu horo, amma kafin a fara sai an gwada kowa a ɓangarenmu. Ya ce ba gwajin kora ba ne, so ake a san inda kowa ya tsaya. Waɗanda suka iya karanta awo da shimfiɗa kwalin samfurin yanka a kan yadi, mataimakin malamar zai nuna musu maɓallan injin da yamma ɗaya, shi ke nan. Waɗanda hannunsu bai faɗa ba kuwa, su ne za su zauna a ajinta kowace safiya har makonni.

Ranar da ta shigo, da jakarta a kafaɗa, ina cikin kalmashe wando na ji wani abu ya faɗi. Allin ne ya zame daga kunnen Mai Alli, bai ko sunkuya ya ɗauka ba. Na dube ta, na dube shi. Kai! Tsawon nan, goshin nan, har yadda take ɗage haɓa, duk nasa ne. Ta bi layi tana gaisawa da kowa, da ta iso teburinsa ta ce, "Sannu da aiki, Malam." Idonta a kan almakashinsa yake, ba ta ɗaga ba. A nan na san ita ma ta gane shi.

Da aka tashi hutun rana bai ci komai ba. Ya jawo kujera kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Rediyo, yaya ake ɓata yanka?"

"Ni ka mayar gwanar ɓarna ke nan?"

"Ba wasa nake ba. So nake in faɗi gwajin nan."

Na ajiye cokalina. "Haba Yaya! Ka tashi ka je ka ce mata ni ne ubanki mana. Ƙafarka ce ta karye?"

"In ce mata ina nake duk shekarun nan?" Ya murza yatsu. "A aji dai dole ta dube ni. Dole ta ce, ka gane? In ce ban gane ba, ta sake. Abin da nake so ke nan, ba ƙari."

Tausayinsa ya kama ni, ga kuma haushinsa.

Haka muka shiga koyon ɓarna. Kullum a hutun rana sai ya kwaso ƙyallaye ya yi ta fama. Ina cewa, "Karkata hannun! Ka yi kamar sabon shiga!" Ya karkata, ya yi gumi, amma in aka ɗaga ƙyallen sai a gan shi sambal. Na ce, "Yau na ga ikon Allah, mutum yana neman ya zama daƙiƙi abin ya gagara." Ranar ce kaɗai na ga ya yi dariya har haƙoransa suka bayyana.

Gwajin a ƙaramin ɗaki mai bangon gilashi aka yi shi, ana shiga ɗaya bayan ɗaya, mu na waje muna hango komai. Da aka kira shi, ya shiga yana jan ƙafa. Ta miƙa masa tef, ya karanta a baibai. Ta ba shi kwalin hannun riga, ya ɗora shi a tsakiyar yadi a gicciye, ɓarnar da in wani ne ya yi, shi da kansa zai kore shi daga tebur. Samarin ɓangarenmu suka fara ƙus-ƙus, wani ya ce tsufa ya zo. Na juya na watsa masa harara har sai da ya haɗiye sauran maganar.

Ya ja layi da alli, karkatacce kamar tafiyar mai ciwon ƙafa. Ya ɗauki almakashi, ƙwas ƙwas, ya sa. Layin ya bi nasa waje, almakashin ya miƙe abinsa. Ta ɗauki abin da ya yanka ta ninka biyu, baki ya hau kan baki, babu ragi. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce a turo na gaba.

Washegari manaja ya faɗi sakamako. Mai Alli yana cikin 'yan yamma ɗaya. Ni kuwa, da ban yi niyyar komai ba, na faɗi warwas, aka jefa ni ajin malama.

Da hutun rana ta zo ta tsaya a bakin teburinsa.

"Malam, layinka ya karkace, amma yankanka ya miƙe. Ban zo a yi mini wasa da hankali ba. In na sa ka a ajina, na cinye kujerar wanda yake buƙata."

"Haka ne, Malama," in ji shi.

Na buɗe baki zan ce wani abu, ya ɗaga mini hannu. Ta juya ta tafi, shi kuma ya yi ta gyara yadin da ba ya buƙatar gyara.

Daga ranar na san amfanin sunan da aka laƙaba mini. Kowace safiya ina aji, shi yana waje ya juya teburinsa yana fuskantar gilashi, yana ganin bakinta yana motsi ba ya jin komai. Ina fitowa zai tare ni. "Me ta ce yau? Ta yi dariya? Tana da faɗa?" Ni kuma in kwashe kaf in zazzage masa, har da muryarta. Da na gaya masa kafin ta yi rubutu a allo sai ta ƙwanƙwasa alƙalaminta a tebur sau biyu, ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya tashi ya ce zai je wanke ido, wai ƙurar yadi ta shiga.

Ranar ƙarshe, bayan an yi ta hotuna, ta zo da jakarta a kafaɗa. Wannan karon ta dube shi ido cikin ido.

"Rigunan suna isowa," ta ce. "Duk shekara. Babu wadda ta taɓa shigata. Kullum sun yi mini kaɗan."

Ya sunkuyar da kai.

Sai ta juyo gare ni. "Inna, kina da tef a kusa?"

Na zare shi daga wuyana. Na auna kafaɗa, na auna hannu, na auna tsawo, ina faɗa da ƙarfi, shi yana rubutawa da alli a kusurwar teburinsa. Da muka gama ta gyara mayafinta ta ce, "In injin ya samu matsala, ni za a turo." Ba ta ce Baba ba. Na kasa kunne har ta fita ƙofa, ba ta ce ba.

Rigar tana nan rataye a bayan teburinsa cikin leda, shi ya yanka, ni na ɗinka. Na ce ya kai tasha, ya ce a'a, wannan hannu da hannu zai ba da ita. Awon ma yana nan a kusurwar tebur, ya kifa kwali a kai, kuma mai shara ta san in ta kai tsumma wajen za a yi tashin hankali.

Yanzu shi ke kula da injin, yana goge shi, yana ba shi mai a kan lokaci, don hannunsa bai iya ha'inci ba. Amma kowace safiya in ya kunna sai ya kara kunne a jikinsa ya daɗe.

"Rediyo, ba ki ji kamar yana wani ƙara ba?"

"Lafiyarsa ƙalau, Yaya."

Sai ya miƙe, ya mayar da allin bayan kunne, ya dubi rigar.

"Ƙarfen banza," in ji shi. "Ko tari ba ya yi."