Satin Gardi

A Tanut mu biyu ne muke karɓa-karɓar gardi, ni da wani abokin aikina da nake gaba da shi a makaranta tun muna Yamai. Gardi shi ne satin da ba ka rufe farmasinka, ko Juma'a ko Lahadi ko sallah, don kada a nemi magani a gari a rasa. Wannan sati nawa, mai zuwa nasa. Mun yi shekaru a haka ba wanda ya taɓa jin kanmu. Yaya yake ce min, kuma na ci sunan, don lokacin da ya zo garin ko shagon haya ni na shige masa gaba ya samu.

Da aka ce ƙungiyarmu ta masu farmasi za ta sake shugabannin jiha, kuma an ware wa mutanen arewa kujera ɗaya, na ce ina so. Ba zan yi ƙaryar 'yan takara in ce jama'a suka matsa min ba. Ni na so ta, da bakina na faɗa. Na gaji da a sauke magani a Damagaram a rarrabe, mu sai ragowa ta iso mana. Na gaji da makiyayi ya zo daga bayan Belbeji da ƙafa a kumbure, maciji ya sare shi, in dube shi in ce babu. Ina so in zauna inda ake yanke magana, in ɗaga murya a ji.

Shi na fara gaya wa. Ya yi murna har ya fi ni. A motarsa muka zaga gaida abokan aiki, shi yake tuna min wa ke da fushi, wa ke son a fara zuwa wurinsa. Duk abin da nake shirin faɗa ranar zaɓe ya ji shi a hanya, har yana gyara min, wai in rage zafi, mutanen birni ba sa son mace mai faɗa. Na yi dariya na ce sai dai su haƙura.

Ranar zaɓen ta faɗo cikin satin gardinsa, na ce Allah ya taimake ni, zan kulle shagona in tafi Damagaram wurin zaɓen hankali kwance. Ana saura 'yan kwanaki sai ga shi da yamma, fuska a ɓace. Ya ce mahaifiyarsa da ke zaune a Gangara jininta ya hau, har harshe ya fara nauyi, dole ya kai ta babban asibiti a Damagaram. Ya roƙe ni mu yi musanyar sati. Ya ce dokar ƙungiya ta yarda mutum ya tsaya ko ba ya nan, muddin wani ya tashi ya ba da uzurinsa, kuma tunda yana garin, shi zai tashi ya yi magana da yawuna.

Raina bai so ba.

"Yaya, uwa ce," in ji shi.

Na karɓi gardin. Har na ba shi maganin da za ta sha a hanya.

Ranar zaɓen ta zo daidai da ranar kasuwa, ga damina, zazzaɓi ya kwantar da rabin gari. Tun safe layi ya kai bakin titi, mata da goyo, jikin yara kamar garwashi. Wajen hantsi na ɗago kai in karɓi takardar mai bi, sai na ga tsohuwar, mahaifiyarsa. Tsaye take da ƙafafunta, ta ɗauro kallabi sabo, ga ƙullin kuɓewa busasshiya da ta kawo min tsaraba. Ta ce ta biyo motar kasuwa, ta je shagon ɗanta ta tarar a kulle, ga ƙwayoyinta sun kusa ƙarewa.

Na ce, "Inna, yaya jikin?"

Ta ce lafiyarta ƙalau, bana ko ciwon kai ba ta yi ba. Sannan ta matso ta rage murya, irin ta mai albishir. Ta ce ai ya tafi Damagaram, yau za a ba shi shugabanci, ya daɗe yana sa malamai addu'a.

"Ke ma ki sa baki, 'yata. Ai ƙanenki ne."

Na ƙulla mata maganin. Ta ɗaga hannu ta roƙa masa nasara a gabana, ni kuma na ce amin, don ba ita ta yi min ba. Na dubi ƙofa. Ko da na samu mota a lokacin, wa zan bar wa waɗannan yaran? Shagonsa a kulle, nawa ne kaɗai a buɗe a garin. Na kira mai bi.

Da la'asar wata abokiyar aikinmu da ta je taron ta kira ni. Ta ce ya tashi ya yi magana mai daɗi, maganar ragowar magani da ta sarar maciji, har aka tafa masa. Da aka tambayi ina nake, sai ya ce yana girmama ni ƙwarai, amma wadda ba ta iya barin shagonta ranar zaɓenta ba, yaya za ta riƙa zuwa taro? Shi ya sa ya ga gara ya tsaya, kada yankinmu na Damargu ya rasa kujerarsa. Wannan ce ta fi ƙona min rai. Ƙaryar ciwon uwa na bar shi da Allah. Amma ya ɗaure ni da hannunsa, sannan ya nuna wa mutane cewa ba na iya tafiya.

Bayan ya dawo ya zo har shago, da sabuwar shadda. Ya ce kujerar ai ba ta fita gida ba, tamu ce mu duka, kuma shawarata zai riƙa bi. Ban ba shi wurin zama ba. Na faɗa masa abin da ke raina tas, mutane suna ji, ban rage komai ba. Ya sunkuyar da kai ya saurara har na gama. Daga nan ya ce akwai wata 'yar alfarma: taron shugabanni zai riƙa faɗowa cikin satinsa, ko zan riƙa riƙe masa gardin.

Na so in ce a'a, wallahi na so. Sai dai in na ƙi, ba shi zai kwana da yaro mai zazzaɓi ba magani ba. Ya san haka sarai, shi ya sa bai ji kunyar tambaya ba. Har yau in suna taro a Damagaram, ni ce a bayan kanta.